IN ZA A SALLAMI MAKIYAYI, A BA SHI WA'ADI, A BIYA SHI GUMINSA

Wannan shi ne jawabin da sakataren ƙungiyarmu na jaha ya gabatar a gaban taron makiyaya da fataken dabbobi da dillalai. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, domin waɗanda ba su samu zuwa ba su karanta, su kuma karanta wa ƴan uwansu.



Ina gaida sarakunanmu da arɗo-arɗo da malamai. Ina gaida alhazai masu dukiya, da fatake, da dillalai, da ƴan kora. Ina gaida iyayenmu mata da suka bar tatsar safe suka zo. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Jama'a, mun saba taruwa a kan maganar burtali da mashaya da ɓarnar gona. Maganar yau ta cikin gida ce. Ta shafi mai dukiya da mutumin da ya ɗauka ya yi masa kiwo ko kora, sannan aka rabu kafin lokacin da aka yanka ya cika. Kwana nawa ya kamata a sanar da mutum kafin a karɓe garke daga hannunsa? In an karɓe, me za a biya shi? Shi kuma makiyayin, in shi ne zai tafi, yaushe zai faɗa? Ƙararrakin da ke zuwa ofishinmu a kan wannan suna da yawa, kuma kusan duka kamarsu ɗaya: an yi magana a bakin kasuwa, ba shaida, ba takarda, ranar rabuwa kowa ya tuna abin da ya fi masa daɗi.

YADDA MUKA ZO NAN

Dattawan da ke nan sun sani, a da yawancin mutane dabbobin gidansu suke kiwo. Farin 1973 da 1974 ya karya mutane da yawa, na 1984 ya ƙarasa waɗanda suka fara miƙewa. A waɗannan shekaru an sayar da shanu a kan kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba, dukiya ta koma hannun ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da manyan manoma. A 2010 ma mun ga irin wannan: ciyawa ta ƙare tun da wuri, da ruwan farko ya sauka ya tarar da dabbobi ba ƙarfi, suka yi ta faɗuwa. Ta haka ne mutumin da ubansa ke da garke ya wayi gari yana bin shanun wani da sanda. Kiwon lada ba abin kunya ba ne, kuma da shi mutane da yawa suka sake kafa garkensu, maraƙi bayan maraƙi. Amma tunda ya zama sana'ar dubban mutane, dole a yi masa ƙa'ida.

A RABA ABU UKU

Na farko shi ne habbanaye. Wannan aro ne na zumunci: ka ɗaure wa ɗan uwanka saniya, ta haihu a hannunsa har sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, ya riƙe ƴaƴan, ya maido maka da uwar. Babu lada a cikinsa, kuma al'ada ta riga ta tsare shi. Ba shi muke magana ba.

Na biyu shi ne kiwon lada. Mai dukiya ya ba ka garke, ya ce in ka yi wata kaza zan ba ka maraƙi, ko kuwa kuɗi kaza duk wata, tare da hatsi da nonon da za ka sha, wani lokaci da takalmi da bargo.

Na uku shi ne jingar kora. Falke ya sayi dabbobi a kasuwannin arewa, kamar Tanut ko Bakin Birji, ya ɗauki ƴan kora su kai masa su bakin iyaka, Mai'aduwa ko Maigatari, a kan kuɗin da aka yanka na tafiyar baki ɗaya.

Na biyu da na uku su ne ke kawo mu gaban sarki.

INDA RIGIMA TAKE TASHI

Mu ɗauki misali. An yi da makiyayi cewa in ya cika wata shida za a ba shi maraƙi. Ya yi wata biyar, sai mai dukiya ya aiko a karɓi shanun, ko don ya samu wanda zai yi masa a ƙasa da haka, ko don zai sayar, ko don ɗan ƙaninsa ya dawo daga ci-rani yana neman abin yi. Makiyayi ya ce ina ladana? Sai a ce masa: ai da maraƙi muka yi, kuma wata shida bai cika ba. Maraƙi ba a yanka shi kashi shida, saboda haka mutum ya tashi hannu wofi bayan kwana 150 a daji. Wani ma sai a ce ya gode wa Allah tunda ya sha nono.

Abu na biyu da ba a lissafawa shi ne watanni ba ɗaya ba ne. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san haka. Watan damina a arewa, ciyawa ga ta, ruwa ga shi a tafki, yaro ma zai iya. Watan bazara kuwa, kana tsaye a bakin rijiya tun asuba kana jan wasaki, ka sassaɓo ganye, ka tada saniyar da ta kwanta ta kasa tashi, da dare ka kai su kiwon dare. Wanda ya fitar maka da garke daga bazara ya yi maka rabin aikin shekara. Abin takaici, a nan ne aka fi sallamar mutane: an ga hadari ya fara haɗuwa, wahala ta wuce, sai a ce an gode.

Haka nan lokacin da aka sallami mutum yana iya zama hukunci a kansa. In ka sallame shi bayan an gama shuka, ya rasa gona, kuma duk garken da zai hau arewa ya riga ya samu mai bin sa. Wannan mutum da iyalinsa za su zauna har kaka ba abin yi. In kuwa ka sanar da shi tun ana sharar gona, zai nemi wani garken, ko ya koma garinsu ya yi noma.

A wajen kora, abin da ya fi yawa shi ne a tsinke tafiya a tsakiya. Falke ya samu mai saye a hanya, a ce a Damagaram ko Matamaye, ya sayar, ya ce wa ƴan kora tunda ba a kai iyaka ba sai ya ba su abin da ya ga dama. Wani lokaci kuma ba laifin kowa ba ne. Kun tuna Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe Maigatari da Illela ba sai Disamba na 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin watan Yuli, har zuwa watan Maris na 2024. Falke ya yi asara a irin wannan lokaci, ba mu musu. Amma ɗan kora da ya taka ƙasa da ƙafarsa ya kai dabbobi inda aka tsayar da su, shi ma ya ci guzurinsa, kuma yana da tafiyar komawa gida a gabansa.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

Wasu suna zaton doka ba ta san makiyayin lada ba. Ta san shi. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta yarda mai dabbobi ya danƙa su hannun wani ya tsare masa, ta bar su su shirya tsakaninsu, amma ta ce dole yarjejeniyar ta bayyana yadda za a biya lada, in ba haka ba yarjejeniyar ba ta ƙullu ba. Saboda haka kalmar nan ta "je ka, za mu daidaita" ba ta da gindi a gaban hukuma. Dokar ta kuma ce in dabbobi sun yi ɓarna, mai su da mai tsaron su ana kama su tare. In laifin na mai dukiya ne, shi kaɗai zai ɗauka, in na makiyayi ne, mai dukiya yana iya komawa kansa. Ku lura, sai an duba laifin wane ne. Ba a ce duk tarar gona a zare ta daga ladan makiyayi kai tsaye ba.

Akwai kuma dokar ƙwadago ta 2012, wadda ta shafi wanda ke aiki ƙarƙashin umurnin wani ana biyan sa. A cikinta, aikin da aka yanka masa lokaci ana son a rubuta shi, kuma ba a tsinke shi kafin lokacin sai da ɗayan abu uku: yardar juna, ko babban laifi, ko wani abin da ya fi ƙarfin kowa. In mai aiki ya tsinke ba tare da ɗayansu ba, zai biya abin da ma'aikacin zai samu har ƙarshen lokacin. Aikin da ba a yanka masa lokaci ba kuwa, sai an ba da wa'adi: mai albashin wata ana ba shi wata guda, wanda ake biya kullum ko mako-mako kwana takwas. In ba a ba da wa'adin ba, a biya kuɗinsa. Akwai sufeton ƙwadago a babban birnin kowace jaha domin irin wannan ƙara.

Amma mu faɗi gaskiya. Mutumin da ke bayan Tanut ba zai bar iyalinsa a ruga ya yi ta zirga-zirga zuwa birni ba, kuɗin mota kaɗai zai cinye maraƙin. Yawancin shari'unmu a gaban mai gari da arɗo da sarki suke ƙarewa, kuma doka ta ba sarakunan gargajiya ikon yin sulhu a rubuta takardarsa. To sarki da me zai yi hukunci in babu wanda ya ji abin da aka ƙulla?

ABIN DA MALAMAI SUKA KARANTAR

Malamanmu suna nan, in akwai gyara su yi. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, ijara tana son abu biyu a fili: sanannen lokaci da sanannen lada. Ko a ƙissar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an ambaci shekarun aikin tun farko, takwas, in ya ga dama ya cika goma. Ɗan da ke cikin saniya ba ya zama lada, domin ba wanda ya san zai fito da rai. Makiyayi amintacce ne: dabbar da ta mutu ko ta ɓata ba a ɗora masa ita sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Littafin Risala ma ya nuna cewa mutuwar tumakin da aka ɗauki mutum ya yi kiwo ba ta warware ijara, mai su zai kawo wasu a madadinsu. Wato alkawarin ya ɗaure mai dukiya kamar yadda ya ɗaure makiyayi.

Malamai sun raba wannan da cigiya. In ka ce wanda ya nemo mini raƙumina da ya ɓata zan ba shi kaza, to ba a biya sai an kawo raƙumi. Wasu masu dukiya suna so su mai da kiwo kamar cigiya, su ce ba lada sai ranar ƙarshe. Kiwo kuwa kullum ana cin amfaninsa. Saniyar da ta kwana da rai yau, ta sha ruwa, ta ƙoshi, mai ita ya riga ya karɓi aikin yau.

SHAWARAR ƘUNGIYA

Abin da zan karanto yanzu shawara ce da muke roƙon wannan taro ya duba, ya gyara, in an amince sarakuna su riƙe ta wajen sulhu.

1. Ranar da za a danƙa garke, a yi maganar a gaban shaidu biyu, ɗaya na mai dukiya, ɗaya na makiyayi, kuma arɗo ko mai gari ya sani. A ƙirga dabbobi, a faɗi ranar farawa da ranar gamawa. A rubuta da boko ko da ajami, kowa ya riƙe tasa takardar. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Wanda ke da salula ya ɗauki muryar kowa ya ajiye.

2. In da maraƙi aka yi, a faɗi shekarunsa, namiji ne ko mace, kuma a yanka masa kuɗi tun ranar, ko a ce za a bi farashin kasuwa kaza ranar rabuwa. Misali, in an yi masa kuɗi jika 120 a wata shida, kowane wata jika 20 ke nan. Wanda ya yi wata biyar yana da jika 100, ko kuwa ya cika jika 20 ya ja maraƙinsa.

3. Wa'adi ya zama wata guda ga kowane ɓangare, a faɗa a gaban ɗaya daga cikin shaidu. Aike ta bakin yaro ko direban mota ba wa'adi ba ne. Mai dukiyar da ke gaggawa, in yana son shanunsa yau, ya biya ladan watan wa'adi ya karɓa.

4. Wanda aka ƙulla da shi har kaka, kada a sallame shi tsakanin saukar ruwan farko da sakin gonaki, sai da babban laifi. In dole ta sa, kamar mai dukiya zai sayar da garken don bashi ko rashin lafiya, a zauna da shaidu a yanka abin da za a ƙara masa a kan watannin da ya yi.

5. Wanda ya fitar da garke daga bazara aka sallame shi da farkon damina, a lissafa masa watannin bazara da ƙari. Mu mun kawo shawarar wata ɗaya da rabi a kan kowane wata, taro ya duba.

6. In an karɓi garke a daji, nesa da inda aka ɗauki mutum, kuɗin mota da guzurin komawarsa da iyalinsa suna kan mai dukiya. Kada a tsayar da hatsi da nono a cikin kwanakin wa'adi.

7. A jingar kora, a ba da kafin alƙalami da guzuri tun tashi, kuma a raba hanya zango-zango, kowane zango da kuɗinsa. In falke ne ya tsinke tafiya don ya samu ciniki, ya biya jinga cikakkiya, tunda ribar da yake nema ya same ta. In hukuma ce ta rufe hanya ko cuta ta ɓulla aka hana wucewa, a biya zangon da aka ci, da ladan kwanakin da aka zauna tsaron dabbobi, da kuɗin komawa.

8. Kada a zare komai daga lada saboda dabbar da ta ɓata ko tarar gona sai an zauna an tabbatar da sakaci. Dabbar da ta mutu, makiyayi ya nuna fata ko alamar da ke jikinta, ko ya kira shaida daga maƙwabtan ruga.

9. Babban laifin da ke sa a sallami mutum nan take a ambace shi tun farko: sayar da dabba ba izini, barin garke ba mai tsaro, shigar da dabbobi gona da gangan. Ko a nan ma, kwanakin da ya riga ya yi a lissafa su, a cire ɓarnar da aka tabbatar, a ba shi saura in akwai.

GA ƳAN UWANA MAKIYAYA

Ba zan sauka ba sai na juyo kanmu. Masu dukiya su ma suna kawo mana kuka, kuma kukan gaskiya ne. Akwai wanda zai karɓi kuɗin wata uku a gaba, ya ji labarin wurin haƙar zinariya ko wani alhajin da ya ƙara masa jika biyar, ya bar shanun mutane a hannun yaro ɗan shekara goma cikin tsakiyar bazara, ya kama hanya ba sallama. Kwana biyu ba ruwa a wannan lokaci ya isa ya kwantar da garke. Akwai ɗan korar da zai kai rabin hanya ya zauna, ya ce sai an ƙara kuɗi, don ya san falke ba shi da yadda zai yi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wa'adin wata guda da muke nema, mu ma ya hau kanmu. In za ka tafi, faɗa a gaban shaida, jira a kawo wanda zai karɓe ka, ka nuna masa rijiya da saniya mai ciki da wadda ke ɗingishi, a ƙirga dabbobi, ka maido kuɗin kwanakin da ba ka yi ba. Wanda ya gudu ya ɓata sunan goma da ke bayansa, kuma ƙungiya ba za ta tsaya masa ba.

Ku kuma alhazai da fatake, wannan tsari ku zai fara amfana. Makiyayin da ya san ko yau aka rabu haƙƙinsa yana nan, ba zai ɓoye maraƙi a garken abokinsa don tsoron ranar sallama ba. Wanda yake zaman ɗar-ɗar shi ne ke fara biyan kansa da kansa. Dukiyar miliyoyi kuke danƙa wa mutum ɗaya a dajin da ba kwa ganinsa, ladan wata guda ba zai karya ku ba.

Dillalai, ku ne kuke haɗa mutane a kasuwa, a inuwarku ake tafa hannu. Muna roƙon ku, kada ku bari a tashi sai an amsa tambayoyin nan: har yaushe, nawa ne, in an rabu a tsakiya yaya za a yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙungiya ta ɗauki nauyin buga takardar yarjejeniya da Hausa da Fulatanci, shafi ɗaya, wadda za a cike sunaye da adadi kawai, kuma wakilanmu za su riƙa zama da ita ranar kasuwa. Bayan an yi salla za mu rabu gida uku, makiyaya, masu dukiya, da ƴan kora da fatake, kowane gida ya duba abubuwan nan tara ya kawo gyaransa kafin la'asar. Abin da aka amince da shi za mu miƙa wa sarakuna a rubuce.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu, ya sa mu rabu da juna lafiya duk ranar da rabuwa ta zo.